Yadda Mai Busa Saksofon ko Tirampet Zai Zaɓi Littafin Waƙoƙin Jaz Ya Kuma Yi Aiki da Shi

Idan mai fiyano ya taɓa C, kai ma ka busa C a tirampet, sautukan biyu ba za su haɗu ba. Naka zai fito ƙasa da nasa da taki ɗaya, wato B♭. Idan kuwa alto saksofon ke hannunka, C ɗinka E♭ ne a wurin mai fiyano. Ba lalacewa kayan busar suka yi ba. Haka aka ƙera su, haka kuma ake rubuta musu waƙa tun da daɗewa. Shi ya sa littafin waƙoƙin jaz guda ɗaya ake buga shi iri-iri: na C, na B♭, na E♭, da na masu karanta kilef na ƙasa (kilef shi ne alamar farkon layukan waƙa da ke nuna sunan kowane layi, akwai na sama da na ƙasa). Wanda ya ɗauko wanda ba nasa ba zai busa duk abin da ke takarda daidai, amma kunnen kowa ya ce ya kauce.

Littafin da ya dace da kayanka zai ɗora ka a hanya cikin sauri. Sai dai duk waƙar da ka koya daga cikinsa dole ka san kinta, wato sautin da aka gina ta a kansa, da suna biyu, sunan da ke shafinka da sunan da sauran makaɗa ke kira. A nan ne akasarin masu koyo ke tuntuɓe, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Kafin mu shiga, ga ma'aunin da za mu yi ta amfani da shi. Rabin taki shi ne daga maɓallin fiyano zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi. Taki ɗaya rabi biyu ne. Shaf, mai alamar ♯, yana ɗaga sauti rabin taki, filat mai alamar ♭ yana sauke shi. Gida kuwa shi ne abin da ke tsakanin layukan nan biyu na tsaye da ke yanka waƙa a takarda.

Mataki na 1: tabbatar da kin kayan busarka

Tirampet da aka fi sani, da kornet, da fulugelhon, da kilarinet na yau da kullum, da soprano saksofon, da tenor saksofon, duk 'yan B♭ ne. Alto da bariton saksofon 'yan E♭ ne. Sarewar Turawa ba ta sauya komai, littafin C take karantawa tare da fiyano da jita. Mai tirombon ma abin da ya gani shi yake fitarwa, amma a kilef na ƙasa. Akwai togaciya ɗaya game da shi: wanda ya koyi tirombon a tsarin ƙungiyoyin busa irin na Ingila, mai yiwuwa an koya masa karatu a kilef na sama kamar ɗan B♭. Irin wannan, littafin B♭ ne zai fi masa sauƙi.

Dalilin wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. Adolphe Sax, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi wa saksofon rajista a Faris a 1846, iyali guda ya ƙera, manya da ƙanana. An shirya rubutunsu ta yadda yatsun da ke ba ka G a alto su ne ke ba ka G a tenor, ko da yake sautin da zai fito daban ne. Mabushi na iya ajiye wannan ya ɗauki wancan ba tare da ya sake koyon yatsu ba. Sauƙin da yatsu suka samu, lissafi ne ya biya kuɗinsa.

Idan kana shakka, gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya. Buɗe manhajar daidaita sauti a wayarka, ka tabbata tana nuna sautin fiyano, ka busa C ɗinka. Harafin da ta nuna shi ne kin kayanka.

Mataki na 2: zaɓen littafi

Wanda za ka fi cin karo da shi shi ne The Real Book. Wasu ɗaliban kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka ne suka rubuta shi da hannu a tsakiyar shekarun 1970. Ba su nemi izinin masu waƙoƙin ba, saboda haka kusan shekara 30 ana sayar da shi a bayan fage, daga hannu zuwa hannu. A 2004 kamfanin Hal Leonard ya sayi izinin waƙoƙin ya fitar da halastaccen bugu, wanda ya kira bugu na 6, mai waƙoƙi 400 a juzu'i na farko. Ya gyara kurakurai da dama, ya cire wasu waƙoƙi ya saka wasu, ya kuma bar salon rubutun nan mai kama da na hannu. Akwai shi a C, B♭, E♭ da kilef na ƙasa. Idan littafi ɗaya kawai za ka iya mallaka, juzu'i na farko na wannan za ka nema, ba don ya fi kowane inganci ba, sai don shi ne yawancin abokan wasanka za su riƙe.

The New Real Book na kamfanin Sher Music, wanda ya fara fitowa a 1988, ya fi tsafta a ganina. Kod ɗinsa, wato haɗin sautukan da ke rakiyar kari, sun fi kusa da abin da ke faifai, yana kawo baitocin waƙoƙin da ake rerawa, wani lokaci har da layin bas da murya ta biyu ga mabusa. Shi ma akwai na C, B♭ da E♭. Aibinsa ga mai farawa shi ne waƙa ɗaya kan ci shafi biyu, kuma yawan bayanin kan rikita ido.

Na uku su ne littattafan Jamey Aebersold, malamin saksofon daga jihar Indiana, wanda ya fara fitar da su a 1967, yanzu sun haura juzu'i 100. Kowane juzu'i waƙoƙi kaɗan ne, amma yana zuwa da kiɗan fiyano, bas da ganguna da za ka bi, kuma a cikin littafi ɗaya akwai sashen C, na B♭, na E♭ da na kilef na ƙasa. Wannan babbar garaɓasa ce ga mai son koyon juya ki, domin zai iya buɗe sashe biyu ya gwama su. Juzu'i na 54 shi aka fi ba masu farawa.

Sai Charlie Parker Omnibook na 1978, wanda ba littafin waƙoƙi zalla ba ne, rubutun solo ɗin Parker ne, wato busar da yake ƙirƙira nan take shi kaɗai, sauti bayan sauti. Parker alto yake busawa, don haka bugun E♭ ne ke zama daram a yatsu. Mai tenor da ya sayi na B♭ zai ga wasu jimloli suna faɗa masa a wurare masu wuya, ko an karya su an mai da wani oktaf (oktaf shi ne tazarar rabin taki 12, daga C zuwa C na gaba). Akwai masu tenor da ke karanta na E♭ da gangan don su ji yatsun Parker, sun san sautin ba zai dace da faifan ba. Wannan na gaba ne, kada ka fara da shi.

Duk wanda za ka saya, duba bango da kyau. Ka tabbata bugun kayanka ne, na C, na B♭ ko na E♭. Sannan ka tambayi abokan wasanka wane bugu suke da shi. A Real Book, tsohon bugu na 5 na bayan fage da na 6 ba su dace ba a lambar shafi, a wasu waƙoƙin ma har kod sun bambanta. Game da kwafin da ke yawo a intanet kuwa, yawancinsu hoton tsohon bugun ne da kurakuransa, kuma masu waƙoƙin ba sa samun ko sisi daga gare su.

Mataki na 3: karanta shafin kafin ka ɗora baki

Shafin irin waɗannan littattafai abu biyu yake ɗauke da su: karin waƙar a kan layuka biyar, da haruffan kod a samansa. A bugun B♭ ko E♭ an juya duka biyun, ba karin kaɗai ba. Wato Dm7 da kake gani a shafin tirampet naka ne, mai fiyano Cm7 yake riƙe da shi a daidai wannan gida. Don haka kada ka miƙa wa mai fiyano ko mai bas littafinka ka ce ya bi ka.

Da fensir a hannu, ƙirga gidajen ka gano siffar waƙar. Yawancin tsofaffin waƙoƙin gida 32 ne, sau da yawa a tsarin AABA: sashen farko mai gida 8, a maimaita shi, a shiga gada mai gida 8, a koma na farko. Bulus kuwa, salon waƙar da ake kira blues a Turanci, gida 12 ne. Rubuta A da B a gefen shafi. Nemo alamomin maimaici, ƙarewa ta 1 da ta 2, da inda aka rubuta D.S. ko D.C. (umarnin komawa baya) da alamar koda (sashen rufe waƙa), ka bi su da yatsa daga farko zuwa ƙarshe kafin ka busa ko sauti ɗaya. Alamomin kod ma suna bambanta daga littafi zuwa littafi. Cm7 da C-7 abu ɗaya ne, Cmaj7 da C mai 'yar alwatika a gabansa abu ɗaya ne, haka Cm7♭5 da C mai da'ira da aka ja wa layi.

Mataki na 4: gwama shafin da faifai

Littafi ba ya rantsuwa cewa kin da ya kawo shi ne kin da makaɗa ke bugawa. Sanannen misali shi ne Autumn Leaves, waƙar da Joseph Kosma ya tsara a Faransa a 1945. Real Book ya kawo ta a E maina (maina nau'in ki ne, minor a Turanci). Amma a faifan Cannonball Adderley na 1958, wanda Miles Davis ya busa tirampet a ciki, G maina aka yi ta, kuma a wannan kin ne za a fi kiran ta a wurin wasa. Mai tirampet da ya haddace ta daga bugun B♭ ya haddace ta ne a F♯ maina, alhali idan aka kira ta a G maina, A maina yake bukata. Mai alto ya koye ta a C♯ maina, abin da yake bukata kuwa E maina ne. Abin dariyar shi ne, a wannan waƙar mai alto zai iya aron bugun C na mai fiyano ya karanta shi yadda yake, ya fito daidai a G maina.

Saboda haka, kowace waƙa ka buɗe, nemo faifai biyu ko uku na manyan mabusa. Saurara tukuna ba tare da kaya a hannu ba. Sannan ka busa sautin ƙarshe na karin da ke shafinka tare da faifan. Idan sun haɗu, kin ɗaya ne. Idan ba su haɗu ba, laluba sama ko ƙasa rabin taki rabin taki har ka same shi, ka ƙirga tazarar, ka rubuta a saman shafi.

Kunnenka zai kuma gaya maka cewa ba wanda ke busa karin yadda aka rubuta shi. Takarda tana nuna gajerun sautuka biyu daidai wa daida, mabushi yana ja na farko ya gajarta na biyu, yana jinkirta wata jimla, yana gaggauta wata. Rubutun ƙashi ne kawai. Idan waƙar tana da baitoci, saurari mawaƙi ma, domin inda yake numfashi nan ne jimla ta ƙare, kuma nan kai ma ya kamata ka shaƙi iska.

A saman kowane shafi, rubuta abu biyu da fensir: kin fiyano da naka. Misali, a shafin mai tenor, "fiyano F, ni G". Wannan 'yar ɗabi'a ita ce tushen duk abin da zai biyo baya.

Mataki na 5: koyi juya ki da kanka

Ranar da za a ajiye maka shafin C a gaba tana nan tafe, domin mai fiyano ko mawaƙiya ne suka fi zuwa da takarda, kuma tasu ta C ce. Ga yadda ake yi.

Ɗan B♭ yana ɗaga komai taki ɗaya. C ya zama D, F ya zama G, B♭ ya zama C, E♭ ya zama F. A alamomin farkon layi, ƙara shaf 2, ko ka cire filat 2. Kin F mai filat 1 zai zama G mai shaf 1: ka cire filat ɗin guda, ka ƙara shaf guda, biyu ke nan. Kin A♭ mai filat 4 zai zama B♭ mai filat 2. A ido kuwa, kowane sauti ka matsa shi mataki ɗaya sama, na kan layi ya koma filin da ke samansa, na fili ya hau layi.

Ɗan E♭ yana ɗaga komai rabin taki 9. Da yake ƙirga 9 a guje yana da wuya, kusan kowa saukowa yake yi rabin taki 3, harafin da zai samu ɗaya ne. C ya zama A, F ya zama D, B♭ ya zama G, E♭ ya zama C. A farkon layi ƙara shaf 3 ko ka cire filat 3. A ido, sauko da sautin daga layi zuwa layin da ke ƙasansa, ko daga fili zuwa filin ƙasa, sannan ka yanke shawarar oktaf ɗin da za ka busa shi.

Mai ƙahon Faransa, wanda ɗan F ne, yana ɗaga rabin taki 7 ya ƙara shaf 1.

Inda ake faɗuwa shi ne alamomin da ke faɗowa a tsakiyar gida. Da yawansu suna nan yadda suke bayan ka matsa sautin: G♯ na fiyano A♯ ne a tirampet, D♭ kuma E♭ ne. Amma ga ɗan B♭, haruffa biyu suna sauya alama, B da E. Filat a kansu yana zama sauti mara alama, mara alama kuma yana zama shaf. B♭ ya koma C, B ya koma C♯, E♭ ya koma F, E ya koma F♯. Ga ɗan E♭ haruffan uku ne, B, E da A: B♭ ya koma G, B ya koma G♯, E♭ ya koma C, E ya koma C♯, A♭ ya koma F, A ya koma F♯. Kafin ka karanta shafin C, zagaye duk B da E masu alama, da A idan kai mai alto ne. Cikin 'yan makonni ido zai riƙa hango su da kansa.

Kod kuwa harafin farko kaɗai ake juyawa, abin da ke bayansa ba a taɓa shi. Ɗauki jerin da ya fi kowane yawa a jaz, wato kod da aka gina a kan sauti na biyu, na biyar da na ɗaya na kin, a kin B♭ na fiyano: Cm7, F7, B♭maj7. Mai tirampet ko tenor zai ga Dm7, G7, Cmaj7. Mai alto zai ga Am7, D7, Gmaj7. Idan kod yana da harafi biyu da layi a tsakaninsu, kamar C/E, na biyun sautin bas ne kuma shi ma ana juya shi, ya zama D/F♯ ga ɗan B♭.

Wannan lissafi zai nuna maka dalilin da ya sa waƙoƙin jaz suka fi zama a kin filat. F, B♭, E♭ da A♭ na fiyano suna faɗa wa tirampet a G, C, F da B♭, su faɗa wa alto a D, G, C da F, duk wurare masu daɗi. Amma bari mai jita ya ce a yi ta a E, kin da ya fi masa sauƙi. Mai tenor ya shiga F♯ mai shaf 6, mai alto ya shiga C♯ mai shaf 7, wanda gara ya ɗauke shi a matsayin D♭ mai filat 5. Ba mugunta mai jitar ya yi ba, kowa da inda yatsunsa ke sakewa.

Masu alto da bariton suna da wata dabara. Idan aka ba ka shafin kilef na ƙasa, na tirombon ko na bas, yi kamar kilef na sama ne, ka ƙara shaf 3 a farkon layi, ka karanta. Bariton zai fito daidai inda aka rubuta, alto zai fito oktaf ɗaya sama. Alamomin tsakiyar gida a kan B, E da A na asalin rubutun har yanzu suna bukatar lura irin ta ɗazu.

Wanda ya koyi busa da do, re, mi mai yawo, kamar yadda ake koyarwa a ƙungiyoyin mawaƙa da mabusa da yawa a Najeriya, yana da jari a hannu ko bai sani ba. A wannan tsarin do shi ne tushen kowane ki, don haka idan ka haddace kari a matsayin mi, fa, so, do, ka riga ka juya shi zuwa duk ki 12, saura kawai ka san inda do ɗinka yake yau. Sai dai a yi hattara idan an haɗu da wanda ya yi karatun kiɗa a tsarin Faransa, kamar a Nijar, Kamaru ko Chadi. A wurinsa do kullum C ne, ba ya motsi, B♭ kuma si bemol yake ce masa. Ku daidaita wannan tun kafin a fara.

Hanyar da ta fi kafa wannan ilimi ita ce rubutu da hannu. Ɗauki gida 8 na wata waƙa daga sashen C na littafin Aebersold, juya su a takardar layuka, sannan ka buɗe sashen kayanka ka duba amsa. Manhajar MuseScore, wadda kyauta ce, tana iya juya maka shafi da dannawa ɗaya, iReal Pro ma yana juya kod zuwa kin kayanka, ko da yake shi ba ya kawo kari sam. Yi amfani da su wajen duba aikinka. Idan su suka riƙa yi maka aikin, ranar da batir ya mutu kai ma ka tsaya.

Mataki na 6: gyara oktaf

Bugun B♭ guda ɗaya ne ke hidimar tirampet, kilarinet, soprano da tenor, alhali iyakarsu ba ɗaya ba ce. A rubuce, saksofon yana tsayawa a B♭ da ke ƙasan layuka, ya hau zuwa F ko F♯ na can sama. Tirampet yana sauka har F♯ na ƙasa, kilarinet har E. Saboda haka mai tenor zai iya tarar da A ko G na ƙasa a shafinsa, sautin da babu shi a kayansa. Bugu da ƙari, tenor yana fitowa oktaf ɗaya ƙasa da tirampet a kan rubutu iri ɗaya, don haka karin da ke zaune lafiya a tirampet kan yi masa nauyi a ƙasa. Sau da yawa ɗaga shi oktaf guda ne ke sa ya yi waƙa. A alto matsalar kan juya: wani karin ya hau ya wuce inda mai farawa zai iya riƙe sauti da kyau.

Idan za ka sauya oktaf, sauya jimla gabaɗaya, daga numfashi zuwa numfashi. Kada ka tsinke ta a tsakiya saboda sauti ɗaya ya gagara. Sa alama da fensir inda ka hau da inda ka sauko, don gobe ka yi yadda ka yi yau.

Mataki na 7: daga shafi zuwa ka

Waƙa ɗaya a lokaci guda. Fara da bulus a F da bulus a B♭ na fiyano, wato G da C ga tirampet da tenor, D da G ga alto, domin da wuya a yi zaman wasa ba a kira ɗayansu ba.

Busa karin a hankali da na'urar ƙirga bugu, har ya daina yi maka gardama. Sannan ka busa tushen kowane kod kaɗai, wato sautin harafinsa na farko, sauti ɗaya a gida, daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, kana jin yadda take tafiya. Bayan haka ka hau kowane kod sauti huɗu, na 1, na 3, na 5 da na 7, kana ƙirgawa daga tushensa. Daga nan ka rage zuwa na 3 da na 7 kawai, kana neman hanya mafi kusa daga wannan kod zuwa na gaba. A Dm7 zuwa G7 zuwa Cmaj7, C na kod na farko yana sauka rabin taki zuwa B na na biyu, F na na biyu yana sauka zuwa E na na uku. Wannan ɗan zaren shi ne ke sa solo ya ji kamar yana bin waƙar, ko da babu fiyano a baya.

Yanzu sa kiɗan rakiya. A faifan Aebersold an raba kayan, bas a kunnen hagu, fiyano a dama, don haka za ka iya kashe fiyano ka zauna da bas da ganguna, wanda ya fi tona asirin wanda bai san kod ba. Bayan ka zagaya waƙar sau da yawa, rufe littafin. Idan ka ɓace, kada ka buɗe nan take, saurari bas har gada ta zo ka kama daga nan. Wanda idonsa ke kan takarda kunnensa ba ya kan abokan wasa, kuma jaz hira ce tsakanin makaɗa.

Idan waƙar ta zauna, mai da kod ɗinta lambobi: na biyu, na biyar, na ɗaya, na huɗu, haka har ƙarshe. Sannan ka gwada ta a wani ki guda, wanda ka ji a wani faifan. Ba sai ka yi duk 12 a kowace waƙa ba, duk da akwai malamai masu nacewa a kan haka. Ki biyu ko uku a waƙa sun isa su raba ka da dogaro da shafi. Ajiye ɗan littafin rubutu mai layi uku ga kowace waƙa: sunanta, kin fiyano da naka, da faifan da ka koya daga gare shi.

Mataki na 8: a wurin wasa

Ka'idar da ba a rubuta ba ita ce, duk kin da aka faɗa da baki na fiyano ne. Idan shugaban wasa ya ce bulus a F, kai mai alto ka ji D a ranka ka yi shiru. Idan kai ne za ka kira waƙa, juya ta baya kafin ka buɗe baki: ɗan B♭ ya sauke kinsa taki ɗaya, ɗan E♭ ya ɗaga nasa rabin taki 3. Haka ma wajen daidaita kaya. Idan mai fiyano ya ba da B♭, mai tirampet da mai tenor C za su busa, mai alto G. Idan A ya bayar, B ne da F♯. Tsakanin mabusa biyu masu kaya daban kuwa, kada ka ce wa mai alto "fara a G" kai kana riƙe da tenor. Ka ce G naka, ko ka faɗi na fiyano, wato F, shi ya nemo D ɗinsa.

Mawaƙa su ne za su fi gwada ka, domin kowace murya da kin da ya dace da ita, kuma ba ruwanta da abin da aka buga a littafi. Idan mawaƙiya ta ce za ta yi waƙar a A♭ alhali ka san ta a E♭, kada ka tsaya juya sauti ɗaya-ɗaya. Nemo kinka tukuna, B♭ ga tenor, F ga alto, ka ɗora lambobin kod ɗin da ka haddace a kai. Karin nata ne, ita za ta rera shi, aikinka shi ne gajerun amsoshi a inda ta yi numfashi, sai solo idan an ba ka. Idan kin ya yi maka nisa a wannan daren, ka bar zagayen farko ya wuce kana saurare, ka shigo a na biyu da sautuka kaɗan, na 3 da na 7 na kowane kod, a hankali. Kafin ka kwanta ka rubuta sunan waƙar da kin da ta kira, washegari ka fara atisaye da ita.